Ɗanki Ba Boka Ba Ne, Inna

Assalamu alaikum. Ana jina can baya? To da ma. Tunda aka haife ni ba a taɓa cewa ba a jina ba.

Ranka ya daɗe Shugaban Ma'aikatar Lafiya, ina gaisuwa. Ranki ya daɗe Babbar Likita, da likitocin da ke bayanki, da nas-nas ɗinmu, da masu ba da magani, da masu gwajin jini, waɗanda har yau ban yafe musu allurar da suka soka mini bara ba. Allah gafarta Malam, limaminmu, sannu da fitowa. Dattawan unguwa, ina miƙa gaisuwa. Mutanen ofishin yanayi da kuka taso daga nesa, sannunku da hanya. Sai masu abin: Inna mahaifiyar marigayi, Yaya babbar yayarsa, matarsa Maman 'Yan Biyu, da 'yan biyun kansu. Allah ya ba ku haƙuri, ya ba mu.

Wanda bai san ni ba, in akwai shi, to baƙo ne. Ni ne direban motar shela ta ofishin lafiya, wadda ake ɗaura wa ƙaho biyu a ka. Lasifika ake ce mini. In na buɗe baki a bakin tasha, mai barci a bayan kasuwa sai ya juya. Takardar nan da kuke gani a hannuna ni na rubuta ta da kaina, amma kar ku sa rai. Na duba ta ɗazu, ni kaina ban gane abin da na rubuta ba, sai dai in yi fifita da ita. Da baki zan yi, yadda na saba.

Da aka ce ni zan yi magana, wasu sun yi gunaguni, na ji su. Wai ga masu digiri, a ɗauko direba. To masu digiri sun zauna da shi a taro, ni kuwa na zauna da shi a mota. Na san yadda yake atishawa. Na san in ransa ya ɓaci hular kansa yake cirewa ya ɗora a gwiwa. Amma ba wannan ya sa na roƙi a ba ni wurin nan ba. Eh, ni na roƙa, gara in faɗa. Na roƙa ne saboda Inna ta yi mini tambaya, na kasa amsawa.

Ranar da na je gaisuwa gidan Yaya, na durƙusa, na yi ta'aziyya, zan tashi sai Inna ta kama bakin rigata. Ta ce, "Kai ne mai motar?"

Na ce, "Ni ne, Inna."

Ta ce, "Matso." Na matso. Ta rage murya don kar mata su ji. Ta ce, "Tsakaninka da Allah, autana duba yake yi? Duk wanda ya shigo gidan nan sai ya ce Allah ya jiƙan Boka. Ni na haife shi, na kai shi makaranta, ban san inda ya koyo wannan ba. In duba yake yi ka gaya mini, in san irin roƙon da zan yi masa."

Jama'a, ni da nake cika gari da magana, sai ga ni ina neman hanyar gudu. Na ce, "Inna, na bar mota a kan hanya, bari in gyara ta." Babu motar da na bari a kan hanya. Da ƙafa na je.

Tsohuwar nan tana zaune tana tsoron inda ɗanta ya tafi, saboda sunan da muka sa masa muna dariya. To yau na zo da amsa, Inna. Ki yi haƙuri, doguwa ce, ni ban iya gajeriya ba.

Bari in fara da aikinsa, don da yawanmu nan mun yi shekaru muna wuce ƙofarsa ba mu taɓa leƙawa ba. Ɗakinsa shi ne na ƙarshen baranda, kusa da inda ake jibge karyayyun kujeru. Fanka ɗaya ce a ciki, mai kuka kamar ana matse ta. Akwai kwamfuta, akwai taswirar gari a bango da ya cusa wa ƙananan allurai masu kai ja da rawaya da kore. Farkon shigata na ce, "Oga, wa ya yi wa garin nan asiri haka?" Ya yi dariya har da riƙe ciki.

Abin da yake yi shi ne wannan. Kowane ƙaramin asibiti na unguwa yana aiko masa da adadin waɗanda suka zo, da abin da ya kawo su: masu gudawa nawa, masu zazzaɓi nawa, tsofaffi nawa suka yanke jiki suka faɗi. Mutanen ofishin yanayi kuma suna aiko masa da zafin kowace rana da ruwan da ya sauka. Shi kuma ya sa aka kawo wasu 'yan ma'aunan zafi, kamar gwangwanin kifi, muka bi unguwa-unguwa muna maƙalawa a ƙarƙashin rufin gidaje. In na ce muka, ni nake hawa tsani, shi yana ƙasa yana cewa, "Ɗan matsa hagu, Direba." Duk ma'aunin da ke garin nan da hannuna na ɗaura shi, wannan a rubuta.

Sai ya zauna ya jera wannan kusa da wancan, na bana da na bara da na shekarun baya, yana neman inda suke tafiya tare. Kuma ya samu. Ya gano cewa unguwar bayan tasha, mai rufin kwano, wadda babu ko bishiya ɗaya, zafinta ba ya sauka har asuba. Ya gano cewa ba ranar tsaka ce kaɗai take kayar da tsofaffi ba, abin da yake kayar da su shi ne a jera kwanaki jiki bai samu sanyi ya huta ba. Ya gano in ruwa ya yi yawa kwatoci suka cika, unguwar gangare ce take fara gudawa, in an ɗan jima zazzaɓin sauro ya biyo baya. Ya ce mini lokutan ma sun daina tsayawa inda iyayenmu suka san su. Zafi yana zuwa da wuri, ya daɗe bai tafi ba, ruwa kuma ya zo lokacin da ya ga dama, ya zubar da na wata guda a yini ɗaya.

Wata rana a mota na ce masa, "Oga, wato kai yanzu ka san wanda zai kwanta?"

Ya ce, "A'a, Direba. Ban san wa ba. Na san ina, na ɗan san yaushe, shi ma kusan-kusan ne."

Na ce, "To ai ni ma na san wannan. Duk inda surukata ta je, a nan za a kwanta da ciwon kai."

Ya ce, "Kawo mini adadi in sa a taswira."

Haka yake. Ya kasance mutum ne da in ka jefa masa wasa yake cafewa ya maido maka. Ya kasance ba ya cewa "na tabbata", sai dai ya ce "alama ta nuna". Ya kasance in nas ta aiko masa da adadin da bai yi kama da gaskiya ba, ba ya kai ƙararta, sai ya ce in tada mota, mu je ya zauna kusa da ita a kan benci su sake ƙirgawa tare.

Yanzu sai maganar sunan. Kowa a nan ya san labarin, don ni na ba ku shi, wasunku sau goma. Shi ne labarina mafi tsada. Da shi nake shan shayi kyauta. Amma Inna ba ta taɓa jin farkonsa ba, ƙarshensa kawai ya iso mata.

Shekarar nan da zafi ya yi tsanani, Oga yana can wani taro a nesa, ya duba alƙalumansa ya ga abin da ke tafe. Ya turo mini saƙo a waya. Wayarsa irin wadda ba ta da haruffa masu ƙugiya ce. Ya rubuta: gobe da jibi akwai babban hadari, a gaya wa jama'a su tanadi ruwa, a kula da tsofaffi.

Shi haɗari yake nufi, na zafi, wanda ke kashe mutum. Ni kuma da karatuna irin na allunan titi, na direbobi, na ga hadari, na ruwan sama. Kuma ga shi ya ce a tanadi ruwa. Me ya rage? Gari ya yi wata da watanni yana gasuwa, ga albishir ya faɗo hannuna. Ban ko kira shi ba. Na tada mota, na kunna ƙaho biyun nan har ƙarshe.

"Jama'a albishirinku! Babban hadari na nan tafe gobe da jibi! A fito da bokitai! A fito da baho! A kwashe shanya! A riƙe tsofaffi kar iska ta ɗauke su!"

Wallahi ranar har tafi aka yi mini. Wata mata ta jefo mini lemo ta taga. Mutane suka jera robobi a ƙofar gida, masu sayar da ruwa suka yi ta yawo babu mai kiransu, wa zai sayi abin da zai zubo kyauta?

Gari ya waye fes. Ko gajimare na rantsuwa babu. Rana ta fito kamar da gayya. Jibi ma haka. Robobi suka yi laushi a ƙofar gidaje, randuna babu komai, asibitin bayan tasha ya cika da tsofaffi har a ƙasa ana sa musu ruwa a jijiya. Nas-nas ɗin da suka yi aikin ranar suna nan zaune, su faɗa in ƙarya nake.

Abin da ya ce zai faru, shi ya faru, a unguwar da ya daɗe yana faɗa, a ranakun da ya ce. Amma abin da gari ya riƙe shi ne an yi alkawarin ruwa ba a kawo ba. Da na shiga kasuwa aka zagaye motar, ana bubbuga mini gilashi, "Lasifika, ina ruwanmu?" Na leƙo na ce, "Ni kar wanda ya taɓa ni, ɗan aike ne. Bokanmu ne ya yi duba, ƙasa ta rufe masa." Aka fashe da dariya, aka buɗe mini hanya. Kafin la'asar sunan ya riga ni isa ofis.

Da ya dawo na shirya wa faɗa. Ya kira ni ɗakinsa, ya ɗauki alli ya rubuta harafi biyu a jikin ƙofa, ɗaya da ƙugiya, ɗaya babu. Ya ce, "Direba, ka ga ɗan wannan lanƙwasar? Ita ce tsakanin a fito da bokiti da a shige inuwa." Na ce, "Oga, abin da ko ƙuda ya fi shi girma?" Ya ce, "Laifina ne. Abu mai nauyi haka ba a tura shi a rubuce, kira ya kamata in yi." Ya ɗauke laifin ya ɗora wa kansa, ni kuma na bar masa, don ya fi ni ƙarfin wuya.

Daga nan ya daina tura mini saƙo. Sai ya kira, ya faɗa, ya ce in maimaita masa kamar ɗan aji ɗaya. Ya kawo maganar launi: kore lafiya, rawaya a yi hattara, ja a shige inuwa a sha ruwa a leƙa tsofaffi. Ya ce launi ba shi da ƙugiya.

Amma sunan ya zauna. A ofis, "Boka ya iso?" A taro, "Bari mu ji me Boka ya gano mana." A kasuwa, "Boka, duba mini ko matata za ta huce." Shi kuma ya amsa. Ya ce, "Kawo mini bayanan faɗanku na shekara biyar in duba." A yi dariya, shi ma ya yi. Muka ce ai ba ya jin haushi. Ba mu taɓa tambayarsa ba. Mu muka yanke cewa ba ya ji, don hakan ya fi mana sauƙi.

To ga inda abin yake ci mini rai, Inna, ki saurara da kyau, don nan amsarki take.

Shekarun da suka biyo baya aka fara jin maganarsa, ba don an yarda ba, don ya dame mu. In ya ce ja, a tura tankar ruwa bayan tasha tun kafin rana ta yi. A ce makarantu su tashi da wuri. A roƙi masu gini da masu dako su huta da tsakar rana. In ya ce ruwa mai yawa na tafe, a yashe kwatocin gangare, a kai gishiri da sukari na gudawa asibitin can, a raba gidan sauro kafin sauron ya san da maganar. A jera gadaje a shirya.

Sai gadajen su zauna babu kowa.

Mu kuma me muke cewa? "Boka ya sake faɗuwa! Ina marasa lafiyar da aka ce? An sa mu kinkimar katifa a banza." Ni da bakina na sha faɗa a baranda, da ƙarfi, don ya ji. Ranar da aka kwashe gadajen nan babu wanda ya hau su, na leƙa ɗakinsa in tsokane shi, na same shi yana ta murmushi shi kaɗai. Na ce, "Oga, an kunyata ka kana dariya?" Ya ce, "Direba, yau na ci." Na ɗauka zafi ne ya taɓa shi.

Sai yanzu da ya tafi na gane. Inna, boka in ya ce wane zai kwanta, so yake ya kwanta, don sunansa ya tashi. Ɗanki in ya ce unguwa kaza za ta kwanta, sai ya hana kansa sukuni, ya hana ni, ya hana Babbar Likita, ya hana mai tankar ruwa, har sai maganarsa ta zama ƙarya. Aikinsa ke nan, ya faɗi abu sannan ya tashi ya yi yaƙi da shi don kar ya faru. Duk ranar da muka yi masa dariya cewa ya faɗi, ranar ce ya yi nasara. Akwai tsofaffi a bayan tasha da suke zaune yanzu suna wasa da jikokinsu, ba su san da su aka yi lissafin ba. Shi ma bai san sunayensu ba. Ba su zo nan yau ba, don ba su san an taɓa cetonsu ba.

Bai taɓa zana ƙasa ba, Inna. Bai taɓa kiran wani abu da ba a gani ba. Abin da ya riga ya faru yake ƙirgawa, a fili, kowa na iya zuwa ya ƙirga bayansa, har roƙon mutane yake su zo su kama shi da kuskure. Kuma duk in zai rufe magana sai ya ce, "Wannan alama ce, sani na Allah ne." Na ji wannan a kunnena har na haddace, har ina kwaikwayonsa da shi in ba mutane dariya.

Ni ba malami ba ne, kar ki ɗauki fatawar direba. Jiya na je na samu Liman, na zayyana masa komai, har na kai shi ɗakin ya ga taswirar da idonsa. Allah gafarta Malam, ka ce mini wannan ba duba ba ne, lura ce da abin da Allah ya shimfiɗa a gaban kowa, kuma wanda ya yi ta don ya kare rayuka yana da lada. Haka ka ce ko na ƙara gishiri? Inna, kin gan shi, ya ɗaga hannu, ya ce haka ne. Yau kam ban ƙara komai ba.

Yaya ta gaya mini abin da ban sani ba. Ta ce mata sun sha zuwa gida wurin Inna da 'yan kuɗinsu a ƙulle, wai ta roƙar musu ɗanta ya duba musu wanda ya ɗauke musu waya, ko ɗiyarsu za ta samu miji. Inna ta kore su, ta shiga ɗaki ta yi kuka. Ta tambaye shi sau ɗaya, ya ce, "Inna, wasan ofis ne, rabu da su." Ta bar maganar don kar ta dame shi, amma abin bai fita ranta ba. Mu muna can muna ƙyaƙyatawa a baranda, wasanmu ya bi titi, ya shiga lungu, ya cire rigar wasa ya isa wurin tsohuwa a matsayin gaskiya.

Maman 'Yan Biyu, ke ma ki yafe mana. Kin sha kawo masa abinci ofis ki ji muna kiransa haka, ki yi murmushi irin na dole. Na gani. Na ga kin sunkuyar da kai, na ci gaba. 'Yan biyu, in wani ya sake ce muku 'ya'yan Boka a makaranta, ku turo mini shi. Babanku mai auna haɗarin da yanayi ke jawo wa lafiyar jama'a ne. Doguwar magana ce, na sani, ni ma sai da na yi ta maimaitawa a mota kafin ta zauna. Amma ita ce sunan aikinsa, kuma ita ya kamata mu riƙa faɗa tun farko.

Ya kasance in an yi ja, ba ya tafiya gida sai ya kira asibitocin unguwa ɗaya bayan ɗaya ya ji. Ya kasance in adadi ya hau da mutum ɗaya tak, sai ya cire hular nan ya ɗora a gwiwa, ya ce, "Wannan ɗayan uwar wani ce." Ya kasance yana raba mini abincinsa a hanya, ya ba ni nama ya ce shi haƙorinsa na ciwo, shekara da shekaru haƙorin nan bai warke ba. Ya kasance ogana, amma bai taɓa zama a bayan mota ba.

Ranar da ciwon ajali ya kama shi a ofis, ni na ɗauke shi. Titi ya cushe. Na kunna ƙahon nan na ce, "Jama'a ku ba da hanya, mara lafiya ne!" Mutane suka waiwayo, suka ga ni ne, wasu suka fara murmushi suna jiran ƙarshen wasan. Na yi shekaru ina koya musu cewa duk abin da ya fito daga motar nan abin dariya ne. Sai da na fito da kaina ta taga suka ga fuskata, sannan suka dare. Likitoci sun ce ko da mun isa da wuri ba abin da zai canza, kwana ne ya ƙare. Na yarda. Amma fuskokin nan masu jiran dariya ba su bar ni ba.

Yanzu ina da roƙo, kuma ba wasa a ciki. Inna ta ji sunan nan daga bakuna da yawa, bakina ɗaya ba zai goge shi ba. Duk wanda ya san ya taɓa kiran marigayi da wannan suna, ko sau ɗaya, ko a gabansa ko a bayansa, ya tashi tsaye. Ni da ma a tsaye nake.

Yauwa. Masu gwajin jini, na gan ku. Nas-nas. Mai gadi, kai ma tashi, kai da kake rera shi kamar waƙa. Ranka ya daɗe, ban ce dole ba… to, ga Shugaba ya tashi. Babbar Likita ta tashi. Dattawa, a hankali, a kama musu hannu. 'Yan biyu, a'a, ku ku zauna. A bakina kuka ji, naku a kaina yake.

Inna, ɗaga kai ki gani. Kujerun nan duk sun zama babu kowa. Mu ne. Babu wanda ya taɓa ganin ɗanki yana duba a cikinmu, ko mutum ɗaya. Mu muka ƙirƙiri sunan, mu muka rene shi, mu muka kawo miki har gida. Ɗanki ba boka ba ne. Ma'aikaci ne, mai tsoron Allah, wanda ya tsare garin nan daga abin da garin bai ma san yana zuwa ba. Ki yi masa addu'a da sakakkiyar zuciya, irin wadda ake yi wa ɗan kirki. Mu kuma ki yafe mana, in kin ga za ki iya.

Tana magana. Ku yi shiru, don Allah. Yaya, matsa kusa ki jiyo mana. Me ta ce?

Ta ce ta ji, hankalinta ya kwanta. Alhamdu lillahi.

Akwai saura? Faɗi, Yaya, kar ki rage.

Ta ce, "Ni na ji. Shi fa, ya ji?"

Bai ji ba, Inna.

Bai ji ba. Ku zauna, jama'a.

Na gode wa Shugaba da ya bar direba ya riƙe wurin nan. Na gode wa Liman, na gode wa duk wanda ya taso, na gode wa iyali da suka zauna suka saurari mutanen da suka ɓata musu.

Ya Allah, ga bawanka ya zo gare ka. Ka san abin da ya ƙirga da abin da ya hana faruwa, kai kaɗai ka san adadinsu. Ka sa su a mizaninsa. Ka sanyaya masa makwanci, shi da ya yi ta nema wa bayinka inuwa. Ka yafe masa kurakuransa, ka ba Inna haƙuri da tsawon rai cikin lafiya, ka riƙa wa Maman 'Yan Biyu, ka raya yaran nan su fi ubansu. Mu kuma da muka rage, ka yafe mana abin da harsunanmu suka ɗauka, ka ba mu ikon faɗa wa mutum alherinsa tun yana iya ji.

Amin. Malam, karɓi abin maganar nan, ni na gama.